Yadda Ake Rufe Ƙofa: Tarihin Thich Nhat Hanh da Jama'arsa

A shekarar 1942 wani yaro ɗan shekara 16 ya shiga gidan zuhudu na Tu Hieu, a cikin tuddan da ke bayan garin Hue, tsakiyar ƙasar Biyetnam. Ya zo da zummar za a buɗe masa manyan littattafan addinin Buda, sai aka haɗa shi da kiwon shanu, da ɗibar ruwa, da sussukar shinkafa, da wanke-wanke. Gidan kan tara masu zuhudu fiye da ɗari a lokacin halwar damina, kuma almajirai biyu ne ke wanke kwanukansu duka. Ba sabulu. Toka ce, da ƙaiƙayin shinkafa, da ɓawon kwakwa, ga ruwan sanyi da sai an ɗora shi a wuta kafin hannu ya iya shiga.

Littafin da aka fara ba shi ɗan ƙarami ne, na gajerun baitoci kimanin hamsin, aka ce ya haddace. Kowane baiti da aikinsa: akwai na farkawa daga barci, akwai na wanke hannu, akwai na sanya tufa, har da na shiga bayi. Ba roƙo ake yi da su ba. Amfaninsu shi ne duk aikin da hannu ya kama, baitin ya fizgo hankali ya dawo da shi kan aikin.

Wata rana malaminsa ya aike shi. Yaro yana son malamin, yana ɗokin cika umarni, sai ya fice a guje ya bugo ƙofa a bayansa. Malam ya kira shi cikin taushin murya, ya ce ya dawo ya sake fita, amma wannan karon ya rufe ƙofar da kyau. Ya dawo, ya tsaya, ya ja numfashi, ya kama mariƙin ƙofar yana sane da cewa ya kama, ya buɗe, ya fita, ya mayar da ita a hankali. Malamin bai sake yi masa wannan magana ba har suka rabu. Yaron shi ne duniya ta sani daga baya da suna Thich Nhat Hanh, wanda almajiransa ke kira Thay, wato Malam. Ya kwashe shekara saba'in yana ba da labarin ƙofar nan, kuma a ganina duk abin da ya gina a nahiyoyi uku daga gare ta ya tsiro.

Abin da aka koya masa a bakin ƙofar yana da tsohon suna. A harshen Pali, wanda aka adana tsofaffin nassosin addinin Buda da shi, ana ce masa sati. Kalmar ba ta haɗa komai da satinmu na kwana bakwai ba. Asalin ma'anarta tunawa. A rubutun Sinanci, wanda masu zuhudun Biyetnam ke karatu da shi a da, alamar kalmar haɗi ce ta alamomi biyu, ta sama tana nufin yanzu, ta ƙasa tana nufin zuciya. Bahaushe yana da lafazin da ya yi kusa da haka, halartar zuciya, ya kuma san kishiyarta, gafala, ko da yake abin da yake halarto da zuciyar dominsa daban ne, aƙidar ma daban. Nassosi biyu ne ginshiƙin al'amarin. Ɗaya ya jera abubuwa huɗu da ake lura da su: jiki, da abin da ake ji na daɗi ko ɗaci, da halin da zuciya ke ciki, da abubuwan da ke bijiro mata. Ɗayan ya kawo darussa 16 kan numfashi, na farkonsu kuwa shi ne mutum ya san yana shaƙa sa'ad da yake shaƙa, ya san yana fitarwa sa'ad da yake fitarwa. Ƙarnuka da dama wannan ilimi yana hannun masu zuhudu a bayan katanga. Talaka a ƙauye nasa shi ne kai sadaka da kunna turare.

Yaƙi ne ya rushe katangar. Bayan an kori Faransa a 1954 aka raba Biyetnam biyu, Arewa ta 'yan gurguzu, Kudu kuma Amurka na mara mata baya. Nhat Hanh ya tafi Amurka karatu a 1961, ya zauna a Princeton, ya koyar a jami'ar Columbia. Yana can, ranar 11 ga Yuni 1963, wani dattijon mai zuhudu, Thich Quang Duc, ya cinna wa kansa wuta a tsakiyar titin Saigon, babban birnin Kudu, don nuna adawa da danniyar da gwamnatin Ngo Dinh Diem ke yi wa mabiya addinin Buda. A watan Nuwamba sojoji suka hamɓarar da Diem suka kashe shi, Nhat Hanh kuma ya komo gida ba da jimawa ba.

Tambayar da ta tsaya wa matasan masu zuhudu a wuya a lokacin ita ce: bama-bamai na sauka a ƙauyuka, za ka ci gaba da zama a ɗakin ibada kana ƙirga numfashi, ko za ka fita ka ɗauki masu rauni? Amsarsa ita ce a fita, amma a tafi da numfashin. A 1964 ya sa hannu a kafa jami'ar Van Hanh a Saigon, ya kuma fara tara matasan da suka zama Makarantar Matasa Masu Hidimar Jama'a. A ƙarshen wannan shekara ambaliya ta cinye tsakiyar ƙasar, shi da ɗalibansa suka loda shinkafa da magani a kwale-kwale suka haura kogin Thu Bon, suna ratsa wuraren da ake musayar wuta. Sannu a hankali masu aikin sa kai na makarantar suka kai kimanin 10,000. Suna gina makarantu da ɗakunan shan magani, suna haƙa rijiyoyi, suna binne gawarwakin da aka bari a titi. Wani ƙauye mai suna Tra Loc, a lardin Quang Tri kusa da iyakar Arewa da Kudu, sau huɗu ana rusa shi da bam, sau huɗu suna komawa su tayar da shi.

Sun ƙi bin kowane ɓangare, shi ya sa kowane ɓangare ya ɗauke su abokan gaba. An jefa gurneti a ɗakunan kwanansu. A 1967 wasu mutane ɗauke da makamai suka kwashe matasa biyar daga cikinsu da dare, suka kai su bakin kogin Saigon suka harbe su. Ɗaya ne ya rayu.

A nan ne nake ganin mai karatun yau ya kamata ya dakata, domin yawancin waɗanda ke jin labarin halartar zuciya a yanzu suna jin sa ne a matsayin abin hutun masu hali. Ba haka ya faro ba. Ranar 5 ga Fabrairu 1966 Nhat Hanh ya kafa wata ƙungiya mai suna Tiep Hien da mutum shida kacal, mata uku, maza uku, duk ma'aikatan agaji, ba wanda ya aske kai a cikinsu. Ya ba su ƙa'idoji 14, ta farko tana hana su riƙe kowace aƙida riƙon da zai sa su kashe ko su tilasta wa wani, ko da aƙidar ta addinin Buda ce. Wanda ya ga yadda aƙidu biyu na waje suka mayar da ƙasarsa filin daga zai gane dalilin da ya sa wannan ta zo farko. Sai kuma sharaɗin da ya fi kowane wuyar cikawa: kowane mako su ware yini guda su ajiye aiki. Su taru wuri ɗaya, su yi wanka a natse, su dafa abinci, su ci shiru, su yi tafiya a hankali cikin itatuwa, su karanta ƙa'idojinsu. Ga marayu na jira, ga 'yan gudun hijira na jira, amma Malam ya nace. Ya riga ya ga yadda mai agaji ke ƙonewa daga ciki, tausayinsa ya rikiɗe ya zama fushi, fushin ya zama ƙiyayya ko yanke ƙauna. Yinin nan shi ne rijiyar da suke komawa su cika tulu.

Ɗaya daga cikin shidan, Cao Ngoc Phuong, malamar ilimin halittu, ita ce ta zama Chan Khong, wadda ta tsaya tare da shi fiye da shekara hamsin. Wata kuma, Nhat Chi Mai, malamar makaranta, ta ƙona kanta a Saigon ranar 16 ga Mayu 1967 tana kiran a tsagaita wuta. Mutuwarta ta girgiza su ƙwarai, kuma ba zan yi kamar natsuwar da suka koya ta kare su daga irin wannan ɗaci ba.

Lokacin da hakan ta faru Malam ba ya ƙasar. Ya fita a watan Mayu 1966 don ya gaya wa Amurkawa abin da yaƙinsu ke yi wa manoma. A Chicago ya gana da Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata na Amurka, wanda tun 1965 Nhat Hanh ya rubuta wa wasiƙa yana roƙonsa ya fito ya soki yaƙin. A jihar Kentucky ya ziyarci Thomas Merton, mai zuhudu na ɗarikar Katolika, ya ba shi labarin ƙofar Tu Hieu. Ranar 1 ga Yuni ya gabatar da shawarar sulhu a birnin Washington, nan take gwamnatin Saigon ta kira shi maci amana ta rufe masa hanyar dawowa. A Janairu 1967 King ya gabatar da sunansa don kyautar Nobel ta zaman lafiya, amma a shekarar ba a ba kowa ba. Ya fita da niyyar wata uku, ya shekara 39.

Ya zauna a Faransa yana jagorantar tawagar mabiya Buda masu neman sulhu a Paris. A 1974 labari ya riƙa zuwa masa cewa matasan makarantarsa sun gaji, ana kama su, ana kashe su, wasu sun fara sarewa. Ba shi da kuɗin aika musu, ba shi da ikon kare su. Sai ya zauna ya rubuta wa ɗaya daga cikin jagororinsu doguwar wasiƙa, ya cika ta da maganar wanke kwanuka, da shan shayi, da yadda ake ɓare lemo a ci shi ɓari-ɓari ana sane da kowane ɓari, da shawarar kada su saki yinin nan na mako. Wasiƙar ce aka fassara zuwa Ingilishi aka buga a 1975 da suna The Miracle of Mindfulness, ta zama ɗaya daga cikin littattafan da suka fi yaɗa wannan ilimi a Turai da Amurka. Masu sayenta da yawa ba su san cewa an rubuta ta ne don mutanen da ke tsammanin harsashi kowane dare ba.

Saigon ta faɗi ranar 30 ga Afrilu 1975, sabuwar gwamnatin gurguzu ita ma ta ƙi ba shi izinin shiga. Dubban mutane suka riƙa tserewa ta teku a ƙananan jiragen kamun kifi. Tsakanin 1976 da 1977 shi da Chan Khong suka yi hayar jiragen ruwa daga Singafo suna tsamo su a asirce. Da asiri ya tonu, 'yan sanda suka zo cikin dare suka ba shi awa 24 ya bar ƙasar, alhali mutum wajen 800 na kan ruwa suna dogara da shi. Ya ce sauran daren nan tafiya ya yi ta yi a hankali cikin ɗaki, taku ɗaya numfashi ɗaya, har hankalinsa ya kwanta dabara ta zo masa: da asuba suka nufi ofishin jakadancin Faransa, aka sa baki aka ƙara musu kwanaki. Duk da haka aikin ya tsaya. Ya koma wata tsohuwar gona a Fontvannes, kudu maso gabashin Paris, wadda suka raɗa wa suna Dankali, ya yi shekaru yana noman ganye da ɗinkin littattafai, ba ya yawan fita.

Gonar Dankali ta yi wa baƙi kaɗan, sai a 1982 suka sami tsofaffin gonaki a yankin Dordogne, gabas da Bordeaux, inda rumbuna da garken tumaki suka zama ɗakunan kwana da na zama. Suka dasa itatuwan fulam 1,250, adadin da nassosi ke bayarwa na almajiran Buda na farko. Fulam ɗan itace ne mai ƙwallo ɗaya, ya fi ɗinya girma da tsoka, ana busar da shi kamar dabino. Yaran 'yan gudun hijira sun sa kuɗin kashewarsu wajen sayen dashen, da niyyar in itatuwa sun yi 'ya'ya a sayar a ciyar da yara a Biyetnam. Daga nan wurin ya sami sunansa, Ƙauyen Fulam, Lang Mai a harshensu. Taron bazara na farko a 1983 mutum ɗari da 'yan kai ne, yawancinsu 'yan Biyetnam masu kewar gida.

Abin da aka gina a ƙauyen ya cancanci a dube shi kusa-kusa, domin a nan ne darasin mutum ɗaya ya zama tsarin zaman jama'a. Akwai ƙararrawa, kuma ba sa cewa an buga ta. Cewa suke an gayyace ta. Da ta yi ƙara kowa zai tsaya cak. Mai yankan albasa ya dakatar da wuƙa, mai magana ya bar jimlarsa a rataye, yaro mai gudu ya ja birki, a ja numfashi sau uku, sannan a ci gaba. Agogon ɗakin cin abinci yana kaɗawa duk bayan minti goma sha biyar, shi ma haka ake yi masa. Wayar tarho in ta yi ƙara, ita ma ƙararrawa ce. Minti ashirin na farkon cin abinci ba magana. Daga bayan zaman dare har a gama karin kumallo shiru ne. Kowace rana a fita tafiya tare, ɗaruruwan mutane a jere cikin gonar fulam, ba mai gaggawa, a zamaninsa Malam ne a gaba riƙe da hannun yara biyu. Sannan a kowane mako akwai ranar da ba a tsara komai, suna kiranta ranar lalaci, don kada ibadar kanta ta zama wani sabon tsere.

Amma inda hikimar ta fi fitowa shi ne wajen saɓani, don duk inda mutane suka taru harshe da haƙori sai sun saɓa. Suna da zama da suke kira sabon farawa. A zauna a da'ira, a ajiye tulun furanni a tsakiya. Mai son magana ya tashi ya ɗauko tulun ya ajiye a gabansa, kuma muddin yana gabansa ba mai katse shi. Ba a farawa da ƙorafi. Sai ya fara da abin da suke kira ban ruwan fure, wato ya faɗi alherin da ya gani a wurin ɗan'uwansa, na gaskiya, ba daɗin baki ba. Sai ya faɗi nasa kuskuren ya nemi afuwa. Bayan haka ne kawai zai ce ga abin da ka yi ya sosa mini rai. Akwai kuma yarjejeniyar da ma'aurata da abokan zama ke sa wa hannu: in ranka ya ɓaci kada ka yi magana ko ka aikata komai cikin fushi, amma kada ka binne shi ya wuce awa 24, ka sanar da wanda ya ɓata maka, da baki ko a rubuce, ku sa ranar Juma'a da yamma ku zauna. Sau da yawa kafin Juma'ar ta zo ɗayansu ya riga ya gano nasa laifin.

Da wannan tsari suka karɓi baƙi masu nauyin kaya. Daga ƙarshen shekarun 1980 Malam ya riƙa shirya halwa ta musamman don tsofaffin sojojin Amurka da suka yi yaƙi a ƙasarsa. Ɗayansu ya yi kwanaki bai iya buɗe baki ba, daga baya ya faɗa cikin kuka cewa bayan an kashe abokansa ya ɗana tarko a abinci a bakin wani ƙauye, yara biyar suka ci suka mutu a gabansa, kuma tun daga ranar ba ya iya zama ɗaki ɗaya da yaro. Malam bai ce masa ba komai ba. Ya ce gaskiya ne ya kashe biyar, amma a yau akwai yaran da ke mutuwa saboda rashin ƙwayar magani ɗaya, ya tashi ya ceci biyar, gobe ya ceci wasu. Daga 2001 kuma aka fara kawo rukunin Falasɗinawa da Isra'ilawa su yi mako biyu. Kwanakin farko ba a barin su tattauna rikici sam. Tafiya, cin abinci da wanke kwano kawai. Sai jiki ya saki sannan ɓangare ɗaya ya yi magana, ɗayan ya saurara ba gyara ba musu, wata rana a juya. Wannan bai dakatar da yaƙi ba, kuma ba wanda ya yi da'awar haka. Ya dai sa wasu mutane ƙalilan sun koma gida sun ji ciwon maƙwabcinsu da kunnensu.

A wannan tsakanin ilimin ya bi wata hanya dabam. A 1979 wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe shirin mako takwas a asibitin jami'ar Massachusetts, ya cire rigar addini daga darussan ya ba masu fama da ciwo mai naci da damuwa, aka kuma ga amfani. Daga asibiti abin ya shiga makarantu, da kamfanoni, da barikin soja, da manhajojin waya. Shi kansa Nhat Hanh ya je hedikwatar Google a 2011. Ina da ja a kan ɓangaren wannan yaɗuwa. In aka ce wa ma'aikaci ya ja numfashi don ya jure zaluncin da ya kamata a gyara, an juya abin a bai-bai. A Ƙauyen Fulam numfashi bai taɓa tafiya shi kaɗai ba: yana tare da horo biyar kan kare rai, da kyauta, da amana tsakanin mace da namiji, da magana mai daɗi da sauraro, da kula da abin da ake ci ake sha ake kallo. Yana kuma tare da jama'a, wadda suke kira sangha. Malam ya sha faɗa cewa mai yi shi kaɗai ba ya daɗewa, shi ya sa duk wanda ya zo halwa ake ce masa in ya koma garinsu ya nemi mutum uku ko huɗu su riƙa haɗuwa kowane mako. Irin waɗannan ƙananan da'irori sun haura dubu a duniya.

A Janairu 2005 gwamnatin Biyetnam ta bar shi ya shigo. Dawowar ba ta rasa masu suka ba: shugabannin majalisar mabiya Buda da aka haramta, irin su Thich Quang Do da ke tsare a gida, sun ga cewa gwamnati za ta yi ado da ziyarar ta ce akwai 'yancin addini. Ya sake zuwa a 2007 ya jagoranci manyan tarukan juyayin mamatan yaƙi a Saigon da Hue da kusa da Hanoi, ba tare da bambanta na Arewa da na Kudu ba. Matasa ɗaruruwa suka aske kai suka shiga gidan zuhudu na Bat Nha a lardin Lam Dong. Daga baya dangantaka da hukuma ta yi tsami. Ana danganta hakan da shawarar da ya bai wa shugaban ƙasa ta a rusa 'yan sandan kula da addini, da kalamansa na goyon bayan Dalai Lama, jagoran mabiya Buda na Tibet, ita kuwa gwamnati ta ce rikicin cikin gida ne na mabiya. Aka yanke musu wuta da ruwa. A ƙarshen Satumba 2009 gungun mutane suka afka wa gidan, suka fitar da matasa kusan 400 cikin ruwan sama. Yawancinsu ba su wuce shekara 25 ba. Da aka zo jan su, zama suka yi suka harɗe ƙafa suna bin numfashi, ba wanda ya ɗaga hannu. Da yawansu daga baya suka tsallaka Tailan suka kafa sabon gida.

Ranar 11 ga Nuwamba 2014 jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa. Ya farfaɗo bayan watanni a asibitin Bordeaux, amma magana ta tafi, ɓarin damansa ya shanye. A Oktoba 2018 ya nuna wa almajiransa da ishara cewa gida yake so, suka kai shi Tu Hieu, inda ya shiga yana ɗan 16. A can ya ƙarasa kwanakinsa. In gari ya yi kyau sai a tura shi a keken guragu a zagaya tafkin da ke gaban gidan, ya ɗaga hannun hagu ya nuna itace ko tsuntsu, masu tura shi su tsaya su duba tare da shi. Ya rasu da tsakar daren 22 ga Janairu 2022 yana da shekara 95. Aka yi kwana bakwai ana zaman makoki, yawancinsa shiru, aka ƙona gawar ranar 29 ga wata bisa al'adarsu. Tun da ransa ya hana a gina masa hasumiya, don haka aka raba tokar tsakanin gidajen jama'arsa na Biyetnam da Faransa da Amurka da Jamus da Tailan, almajirai suka fita da ita a jere, a hankali, suka zuba a gindin itatuwa.